Alhajin da ya shekara shida yana jin ihun filin wasa daga bakin shagonsa

Makon jiya na ce yau za mu ci gaba da maganar yadda ake ajiye magunguna a gida lokacin zafi, to ku yi mini afuwa, mun ɗaga ta zuwa mako mai zuwa. Wani labari ne ya kai inda ake so a cikin makon nan, mai labarin kuma ya ba ni izinin in ba ku shi, da sharaɗin ba zan kama sunansa ba. Alhaji kawai zan kira shi, da ma haka nake kiransa.

Alhaji haifaffen Sabo ne a nan Ibadan, ɗan kasuwa, ya ɗan haura shekara hamsin. Tun yana ƙarami mahaifinsa yake saɓa shi a kafaɗa zuwa filin Liberty kallon Shooting Stars, zamanin da marigayi Rashidi Yekini yake buga musu. Duk wanda ya zauna da shi minti goma sai ya sha labarin kofin Afirka da ƙungiyar ta ci a 1976, wanda a bakin manya ya ji shi, da kuma na 1992 da aka ci yana saurayi. Idan Kano Pillars ta zo gari, rabin Sabo sai ta koma Sai Masu Gida, shi kuwa yana nan a kan bakansa, ana yi masa tsiya wai ya sayar da gida. Wannan mutumin ne ya shekara shida bai taka cikin filin wasa ba, alhali filin Lekan Salami da ke Adamasingba da ƙafa ake zuwa daga unguwarsu. An gyara filin a 2021, kowa ya je ya gani ya dawo yana ba shi labari. Ranar wasa, idan iska ta juyo, daga bakin shagonsa yake jin ihun 'yan kallo.

Wata Asabar da yamma ya shigo kantin maganin da nake aiki. Ba baƙo ba ne, shi yake zuwa karɓar maganin hawan jinin uwargidansa duk wata. Amma ranar sai ya tsaya gefe yana jujjuya kwalin man goge baki har mutane suka watse, sannan ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Likita, ki taimaka mini da irin wannan, ƙwaya biyu kawai."

Na gaji da gaya masa ni ba likita ba ce, harhaɗa magunguna na karanta, amma sunan ya riga ya bi ni. Ya ajiye mini wani yankakken katin magani da babu komai a ciki. Lexotan ne.

"Alhaji, wa ya rubuta maka wannan?"

"Wani abokina ne ya ba ni. Ya ce in na sha rabin awa kafin in fita, ko tsakiyar kasuwar Bodija aka ajiye ni ba zan ji komai ba. Gobe akwai wasa. Autana ya ishe ni, shekararsa goma sha ɗaya, kullum sai ya ce Baba yaushe za ka kai ni. Ni ubana ya kai ni, Likita. Ni na kasa kai nawa."

Ban ba shi ba. Doka ba ta yarda in bayar da wannan magani ba tare da takardar likita ba, kuma ko da ta yarda ba zan ba shi ba, zan zo kan dalilin. Kujera na jawo masa na ce ya ba ni labari tun daga farko.

Shekara shida da suka wuce ya bi ƙungiyarsa wasan waje a wani gari. Aka tashi wasa da rigima, aka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka yi ƙofa ɗaya. An matse shi a jikin ƙarfe na 'yan mintuna bai iya jan numfashi ba. Ya rasa takalmi da hula, amma ya fita lafiya, har ya riƙa ba da labarin a majalisa ana dariya. Bayan kamar wata biyu, a wasan gida, babu rigima babu komai, yana zaune sai ya ji zuciyarsa tana dukan ƙirjinsa kamar za ta faso. Gumi ya karyo masa, yatsunsa suka riƙa yi kamar ana tsira musu allura, ya ga filin yana juyawa. Ya yi kalmar shahada, don ya gama sakankancewa ajali ne ya zo. Ya tattake mutane ya fita. Yana isa bakin titi abin ya sake shi kamar ba a yi ba.

Ya sake gwadawa sau ɗaya, abin ya dawo masa tun a layin sayen tikiti. Daga nan ya haƙura ya koma gidan kallo. Da gidan kallon ya fara cika a ranakun manyan wasannin Firimiya, nan ma ya janye. Sai ya koma tsayawa sahun baya ranar Juma'a, kusa da ƙofa. Motar haya kuwa in ba gaba zai zauna ba, gara ya jira wata. Ɗaurin auren 'yar ƙaninsa ma daga bakin layi ya tsaya, har yau akwai waɗanda suke riƙe da shi a kan haka. Bai gaya wa kowa ba. A gida an ɗauka girma ne ya zo, ƙwallo ya fita daga ransa.

Mai karatu, idan ka ji kamar labarinka nake bayarwa, ko na mijinki, ko na mahaifiyarka da ta daina zuwa biki ba dalili, to abin sananne ne a asibiti. Ciwon fargaba ne, irin wanda yake zuwa da firgici farat ɗaya, sannan ya bar wa mutum tsoron duk wurin da yake ganin ba zai iya fita da sauri ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne suke fama da nau'o'in ciwon fargaba a duniya, kuma kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu yake samun kulawa. Ya fi kama mata ma a kan maza, sai dai su a kasuwa ko gidan biki ko cikin go-silo yake kama su, a ce iska ce.

Ga abin da ke faruwa a jiki. Allah Ya yi mana wani tanadi na gudun haɗari. Da ƙwaƙwalwa ta hango barazana, sai jiki ya saki sinadarin adirenalin: zuciya ta ƙara gudu don ta tura jini zuwa ƙafafu da hannaye, numfashi ya ƙaru, gumi ya fito. Wannan tanadin ne ya fitar da Alhaji daga turmutsutsun nan da ransa. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwarsa ta haɗa ihun jama'a da matsi da mutuwa ta ɗaure su wuri guda, har ta koma kaɗa ƙararrawa ko babu wuta. Shi kuma da ya ji zuciya na bugawa sai ya tsorata da bugun, tsoron ya ƙara saki adirenalin, bugun ya ƙaru. Saurin numfashin nan yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, shi ne yake kawo jiri da tsirar yatsu da ta leɓe. Abin yakan kai ƙololuwarsa cikin kamar minti goma, sannan ya fara sauka da kansa, ko mutum ya gudu ko bai gudu ba. Firgicin shi kaɗai ba ya kisa, ba ya haukatarwa, duk da wanda yake ciki ba zai yarda da ke ba a lokacin.

Ku riƙe wannan maganar ta "ko ya gudu ko bai gudu ba", don a nan gizo yake saƙa. Alhaji ya fita daidai lokacin da abin ya kai ƙarshen hawansa, ya isa titi daidai lokacin da zai sauka. Sai ƙwaƙwalwarsa ta rubuta cewa fitar ce ta cece shi. Duk gudun da ya sake yi bayan nan ƙara tabbatar mata da wannan rubutun ya yi. Shi ya sa tsoron bai tsaya a filin wasa ba, ya bi shi gidan kallo, ya bi shi masallaci. Sauƙin da kauce wa wuri yake bayarwa na ranar ne kawai, washegari da'irar da mutum yake iya yawo a cikinta ta ƙara tsukewa.

Amma kafin kowa ya ce nasa ma fargaba ce, a je asibiti tukuna. Wannan shi ne abu na farko da na gaya wa Alhaji, kuma ban sassauta ba. Mutumin da ya haura hamsin ya ce ƙirjinsa na bugawa, ba aikin mai sayar da magani ba ne ya ce masa babu komai. A auna hawan jini, a auna suga, a duba yawan jini, a yi gwajin zuciya irin wanda ake manna wa mutum wayoyi a ƙirji, a duba ƙullin maƙogwaro da ake kira tayirod, don idan yana aiki fiye da kima yakan kawo bugun zuciya da rawar hannu sak irin na fargaba. Kallon ƙwallo kuma ba wasa ba ne ga mai ciwon zuciya. Lokacin gasar cin kofin duniya ta 2006, likitoci a yankin Munik na Jamus sun ƙirga waɗanda aka kawo asibiti da matsalar zuciya ta gaggawa, suka ga a ranakun da Jamus take wasa adadin ya ninka fiye da sau biyu da rabi. Don haka ciwon ƙirji mai danna mutum kamar an ɗora masa buhu, wanda yake tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, ko wanda yake zuwa idan an hau bene, ko ya haɗu da suma, wannan asibiti ake nufa nan take, ba a tsayawa motsa numfashi.

Akwai kuma abubuwan da nake tambaya a kan kanta waɗanda mutane ba sa kawowa a ransu. Goro nawa kake ci a rana? Alhaji ya yi dariya ya ce ba ya ƙirgawa. Goro yana da sinadarin kafeyin, haka kofi da shayi mai kauri da lemukan gwangwanin nan na ƙara kuzari da matasa suke sha kamar ruwa. Maganin asma na shaƙa irin su Ventolin yana iya sa zuciya gudu da rawar hannu, haka wasu magungunan mura masu buɗe hanci. Mai asma kada ya ajiye maganinsa saboda na faɗi haka, ya dai gaya wa likitansa. Wanda kuma ya fita tun safe bai ci komai ba, ya zauna cikin rana har ƙarfe huɗu da za a take wasa, jirin yunwa kaɗai ya isa ya tayar masa da ƙararrawar.

Yanzu ga dalilin da ya sa na hana shi ƙwayar. Lexotan da Valium, wanda yara suke kira D5, dangi ɗaya ne. Suna aiki, ba na musu, cikin ƙanƙanin lokaci mutum zai ji jikinsa ya saki. Likitoci suna rubuta su a inda ya dace, amma na ɗan lokaci, bai wuce mako biyu zuwa huɗu ba, saboda jiki yana sabawa da su. Ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu, ranar da aka rasa kuma fargabar ta dawo ta fi ta da, har da rashin barci da karkarwa, wani ma har jijjiga. Wanda ya haɗa su da tiramadol ko kodin ko giya, numfashinsa na iya tsayawa cikin barci. Mun ga abin da kodin ya yi wa gidajenmu har gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. Wani bincike da aka yi a faɗin Najeriya ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi cikin shekara guda. Daga abin da nake gani a bayan kanta, ba duka ne suka fara don neman maye ba. Akwai wanda aboki ne ya miƙa masa ƙwaya biyu don ya iya shiga taro.

Ko a bar maganar sabo, akwai wata illar. Da Alhaji ya sha ya je ya kalli wasan lafiya, ƙwaƙwalwarsa ba za ta ce filin ba shi da haɗari ba, cewa za ta yi ƙwayar ce ta tsare shi. Ya canza hanyar gudu ne kawai. Ga shi kuma zai riƙe hannun yaro ɗan shekara goma sha ɗaya cikin dubban mutane, jikinsa a mace, tunaninsa a hankali. Idan wani abu ya faru da gaske, a ranar ne yake buƙatar hankalinsa cikakke.

Akwai magungunan da likita yake ɗora mai wannan ciwo a kansu na tsawon watanni, dangin su Zoloft da Prozac. Ba sa sa maye, amma sai sun yi mako biyu zuwa shida kafin a fara ganin amfaninsu, a makon farko ma wani yakan ji kamar abin ya ƙaru, kuma ba a yanke su rana ɗaya. Wasu kuma suna zuwa neman Inderal don sun ji yana rage bugun zuciya. Yana ragewa, amma ba ya taɓa tsoron, kuma yana iya shaƙe mai asma. Duk waɗannan hukuncin likita ne bayan ya ga mutum.

Alhaji ya tafi ranar ransa a ɓace, bai je wasan ba. Na ɗauka na yi asarar mai ciniki. Bayan kwana goma sai ga uwargidansa ta zo karɓar maganinta da kanta, ta ce, "Anti, me kika gaya wa Alhaji? Ya zaunar da ni ya ba ni wani labari, shekara shida muna ɗaki ɗaya ban sani ba." Ita ce ta raka shi asibiti. Gwaje-gwaje suka fito lafiya, in ban da hawan jini da ya ɗan fara leƙowa. Daga nan aka tura shi ɓangaren masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, a nan ne aka yi daga. Ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Na san da yawanku haka za ku ce. Sunan Aro ko Yaba ko Barnawa kaɗai ya isa ya sa mutum ya fasa. Amma yawancin masu zuwa waɗannan wurare da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita su koma bakin aikinsu, kuma manyan asibitocin koyarwa irin UCH suna da wannan ɓangare a cikinsu kamar yadda suke da na ido da na haƙori. Tun farkon 2023 ma ƙasar nan take da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Addu'a da azkar kuwa babu wanda ya ce a ajiye, Alhaji bai ajiye nasa ba, haɗawa ya yi.

Abin da masaniyar halayyar ɗan Adam ta ɗora shi a kai ba nawa ba ne, ni rahoto kawai yake kawo mini duk sanda ya zo. Tsani suka zana, daga abin da yake ba shi tsoro kaɗan zuwa wanda ya fi. A kowane mataki zai ba tsoronsa maki daga sifili zuwa goma, ya tsaya a wurin har makin ya sauko da kansa, kuma zai maimaita matakin har ya gundure shi kafin ya hau na gaba. Aka koya masa numfashi: ya ja ta hanci yana ƙirga huɗu, ya saki a hankali yana ƙirga shida, cikinsa ne zai riƙa tashi ba kafaɗunsa ba. Aka ce ya riƙa yi kullum bayan sallar Asuba lokacin da hankalinsa yake kwance, don ba ranar yaƙi ake koyon harbi ba.

Ya fara da gidan kallo ranar ƙaramin wasa, kujerar bakin ƙofa. Sannan tsakiyar benci. Sannan ya riƙa zagaya filin Adamasingba da ƙafa ranar da babu wasa, ya ce ranar farko ko kallon ƙofar bai iya yi ba. Ya je kallon wasan yaran unguwa a fili buɗaɗɗe inda babu katanga. Duk waɗannan sun tafi daidai cikin kamar wata guda, har ya fara cika baki.

Mataki na gaba ne ya kayar da shi. Zai je ranar wasa ya tsaya a waje, kusa da masu sayar da tikiti, na minti ashirin. Yana tsaye aka zura ƙwallo a ciki, filin ya ɗauki ihu gaba ɗaya. Ya ce bai san lokacin da ya tsinci kansa a Mokola ba. Ya zo wurina washegari kansa a ƙasa.

"Likita, aikin banza nake yi. Wata ɗaya ya tafi a iska."

"Alhaji, wata ɗaya da ya wuce ka iya zuwa bakin ƙofar ranar wasa?"

Ya yi shiru. Masaniyar ma ba ta ɗauki abin a matsayin faɗuwa ba, raba matakin ta yi biyu: ya fara tsayawa tsallaken titi, tare da ƙaninsa, wasa biyu a jere. A na biyun firgicin ya zo masa sosai, ya ce ya ba shi maki tara. Ya jingina da mota, ƙanin yana ƙirga masa numfashi, bai gudu ba. Ya duba agogo, kafin minti goma sha biyar ya sauko zuwa huɗu. Ya ce mini a duk shekarun nan ranar ce ya fara ganin ƙarshen abin da idonsa, da can bayansa kawai yake ba shi. A ganina ranar ce ya warke rabi, ba ranar da ya shiga filin ba.

A nan sai in ja hankalin iyali. Ƙanin nan bai ce masa "kai dai ka cika tsoro" ba, bai kuma ce "zo mu tafi gida" ba, dukkansu biyun ɓarna suke yi. Tsayawa ya yi kusa da shi yana magana a hankali. Idan naku ne yake cikin wannan hali, kada ku taru a kansa, kada ku yi ta watsa masa ruwa kuna salati da ƙarfi, hakan ƙara gaya masa yake yi cewa mutuwa zai yi. Mutum ɗaya ya isa. Kuma kada a yi masa shigo-shigo ba zurfi, a ce za a je wani wuri sai ya ga an tsaya da shi a tsakiyar taro. Shi zai zaɓi matakinsa.

Wani zai ce, to ai tsoron nasa da gaskiyarsa, filayen wasa ana mutuwa a cikinsu. Haka ne, ban kuma ɓoye masa ba. A watan Mayun 2001 mutum 126 suka rasu a filin wasa na Akara a Gana, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, bayan an harba barkonon tsohuwa jama'a suka ruga ƙofofi. A Janairun 2022 mutum takwas suka rasu a turmutsutsun ƙofar filin Olembe da ke Yawunde lokacin gasar cin kofin Afirka. A watan Maris na wannan shekarar kuma kowa ya ga abin da ya faru a Abuja bayan Gana ta hana mu zuwa kofin duniya. Hattara daban, ciwo daban. Mai hattara yana zuwa da wuri kafin ƙofa ta cushe, ya lura da ƙofar fita mafi kusa da wata bayanta, ya guji ɓangaren da 'yan zafin kai suke taruwa, ba ya kai yaro wasan da kowa ya san akwai jiƙaƙƙa, idan an tashi ya jira jama'a su rage. Ya yi wannan ya zauna ya kalli wasansa. Mai ciwo kuwa ko ya yi duk wannan, idonsa na kan ƙofa har a tashi, ko ma ya kasa fitowa daga gida. Wanda kuma turmutsutsun yake dawo masa a mafarki, ko ya riƙa ganin abin a idonsa da rana tsaka, ya faɗa wa likita wannan takamaimai, don kulawarsa ta ɗan bambanta.

Shigarsa ta farko shi da ƙaninsa ne, ba da yaron ba. Sun ci abinci, ya bar goro tun safe, suka isa da wuri suka yi La'asar, suka zauna kujerar bakin hanya. Yarjejeniyar ita ce zai kai hutun rabin lokaci sannan ya fita, ko yana jin daɗi ko ba ya ji, don fitar ta zama ta agogo ba ta tsoro ba. Zuwa na biyu ya kai minti saba'in. Zuwa na uku ya ga tashi. Akwai wani abu da ya ɓoye wa kowa sai daga baya: ashe ƙwaya ɗaya ta rage daga waɗanda abokin nan ya ba shi, tana cikin aljihunsa a duk zuwan nan, bai sha ba amma yana shafa ta. Masaniyar ta ce ita ma sai ta fita daga aljihun. Ya kawo mini ita a naɗe cikin takarda, na jefa ta cikin kwalin magungunan da muke lalatawa.

Daga ranar da ya zo neman ƙwaya biyu zuwa ranar da ya kai autansa, wata biyar ne da 'yan kwanaki. Wani zai fi shi sauri, wani sai an haɗa masa da magani. Ya ce ana cikin wasan abin ya ɗan taso masa, kamar maki biyar, daidai lokacin da aka ba da fenariti kowa ya miƙe tsaye. Ya ja numfashinsa yana ƙirgawa, yaron bai ma lura ba, yana can yana tsalle a kan kujera. Na tambaye shi yadda aka tashi wasan, ya ba ni labari tiryan-tiryan har da laifin alƙalin wasa, na kusan minti ashirin, ga masu sayen magani suna jira. Sahun gaba na Juma'a ne bai koma ba tukuna, ya ce yanzu yana tsakiya. Damuwarsa ta yanzu kuma ita ce yaron ya dawo gida ya ce shi fa idan Pillars ta zo, ɓangarensu zai zauna.